Na Dawo da Ƙoda Ɗaya

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tun ƙarshen damina ban sa komai a shafin nan ba, ban kuma amsa saƙon kowa ba. Ku yi haƙuri. Sai yau na ji zan iya magana.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne lamba biyar kuma kyaftin na kulob ɗin ƙwallon ƙafa na unguwarmu a nan Hadejia. Ko in ce, da ni ne.

A wasanmu da 'yan Malam Madori abin ya faru. An bugo kwana, na tashi zan sa kai, ɗan gabansu ma ya tashi, gwiwarsa ta same ni a kwiɓin hagu. Ba da gangan ba ne, don Allah a daina zagin bawan Allahn nan. Na ɗan kwanta, aka zuba min ruwa, na miƙe na ƙarasa wasa.

Washegari na tafi gonar shinkafarmu a fadama. Na tsuguna fitsari, sai na ga ja wur. Na ce ƙila zoɓon da na sha ne. Ina miƙewa jiri ya kwashe ni.

Habu, abokin tsayuwata a baya, gonarsu na jikin tamu. Shi ya ɗaure ni a bayansa da rawani, ya ja mashin har asibiti.

Aka sa min robar fitsari, aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki. Likita ya ce, "Ƙodarka ta hagu ta fashe, jini na zuba a ciki. Sai Kano."

A garin nan in aka ce ƙoda, gaban kowa faɗuwa yake. Kawuna ma ita ta tafi da shi. Inna tana jin kalmar ta sulale ta zauna a ƙasa. Likita ya durƙusa ya ce, "Mama, wannan ba irin waccan ba ce, bugu ne."

Ta ce, "Ɗan nan, ƙoda dai ƙoda ce."

A Kano aka ce a nemo jini. 'Yan bayanmu kaf, har da gola, suka biyo mu a mota suka miƙa hannu. Aka shiga da ni tiyata, aka cire ƙodar.

Na farka da roba a hanci, roba a ciki, ga ƙishirwa kamar in mutu, an kuma hana ni ruwa. Inna ce ke jiƙa auduga tana shafa min a leɓe. Daga baya ɗinkin ya yi ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Kullum safe in na ji ƙarar keken masu wanke ciwo, sai in juya fuska bango. Shinkafarmu ta bana kuwa tun ba a yanke ta ba aka sayar, a kantin magani ta ƙare.

Ina kwance gasa tana tafiya. Habu yana da i'ina, tun muna yara ni ke magana a baya. Ni ke cewa ku fito, ku koma, riƙe wancan. Shi nasa tare mutum, kuma ba a wuce shi. Da na bar wurin, baya ta yi tsit. Koci ya dawo da ɗan tsakiya ya cike gurbina, yaron kirki ne, amma ƙafarsa gaba take so. Kowa na jiran wani ya yi magana, ana ta zura musu.

Ranar da za a sallame ni likita ya ce, "Ƙoda ɗaya ta ishe ka har tsufa, in sha Allahu. Amma ba ka da ta canji. Ni dai ban yarda ka koma inda ake haɗa jiki ba."

A ranar aka lallasa 'yan kulob ɗinmu a Kaugama. Habu ya kira ni, ya daɗe kalma ta ƙi fita, sannan ya ce, "Kyaftin, ya-yaushe za ka dawo?"

Na ce, "Ba zan dawo ba, Habu. Kai za ka riƙa magana."

Ya kashe wayar.

Da na fara iya tafiya ba dafa bango, na lallaɓa fili ranar wasanmu na zauna a kan benci. Aka jefo doguwar ƙwallo. Bakina ya buɗe da kansa, amma kafin in ce komai na ji an daka tsawa, "Ku fito!" Muryar Habu ce, ba ko sarƙewa. Layi ya taso gaba ɗaya, aka kama ɗan gabansu da satar gida.

Duk da haka an ci mu, aka fitar da mu daga gasar. Na koma bayan mota na yi kuka. Har yau ban san ko na murna ne ba, ko na ganin an iya ba tare da ni ba.

Alhamdulillahi, yanzu na warke. Ina cin abinci, ina zuwa gona, hawan jini kawai ake auna min lokaci-lokaci. Likitoci da nas-nas, Allah Ya saka. Waɗanda jininsu ke yawo a jikina, ba ni da bakin gode muku. Inna, Allah Ya ba ni ikon yi miki biyayya.

'Yan ƙwallo, in an buge ku a ciki ko a kwiɓi, ku fita, babu kofin da ya kai ranku. In fitsari ya canja launi, kada a tsaya kemis, a wuce asibiti. Kociyoyi, kada ku tambayi ɗan wasa ko zai iya. Zai ce zai iya.

Ranar Asabar akwai atisaye, zan zo. Wanda ya gan ni kada ya ce min sannu da jiki. Ya matsa min wuri a benci kawai.