Tsinken Ugranath Thakur

Babban yatsan Ugranath Thakur kullum kore yake, saboda ganyen darbejiyar da yake murzawa. Kowace safiya, in ya fito daga wanka a tafki, sai ya buɗe ɗakin littattafan makarantar mantiƙi ta ƙauyenmu a yankin Mithila. Yakan kwance ƙunshin ganyen giginyar da magabata suka yi rubutu a kai, ya shanya su a inuwa, ya cusa darbejiya a tsakani don korar ƙwari. A haka ya tsufa.

Bai taɓa yarda da kowa ba. Ɗalibi ya zo karatu, sai ya shinshina hannunsa.

"Kifi ka ci ko? Je ka wanke, ɗan nan. Ko gara ba ta kai ku ɓarna ba."

Su ma mutane ba su yarda da shi ba. A makarantarmu, ranar jarrabawar ƙarshe, mai tsaron littattafai ne ke soka tsinken gora cikin ƙunshi. Ganyen da tsinken ya tsaya a kai, shi ɗalibi zai fassara ya kuma kare a gaban malamai. Wanda ya san kowane ganye da yatsunsa, in ji masu zaman rumfar shayi, ai ya san inda yake sokawa.

Bana jikansa Shobhakant ya zauna jarrabawar, bayan shekarun da uwarsa ta yi tana jiran wannan rana. Tsohon ya kau da kai, ya soka. Da aka buɗe, sai ga babin da ko sabon shiga ya haddace.

Pandit Jatashankar, babban malamin, ya tofar da jan miyaun ganyen da yake taunawa, ya yi murmushi.

"Ikon sama. Tsinke ma ya san jininsa."

Ugranath ya dubi fuskokin da ke kewaye da tabarmar. Ya zare tsinken.

"Hannuna ya yi rawa. A sake."

Karo na biyu tsinken ya faɗa kan muhawarar da su kansu malaman ke kewaye mata. Shobhakant ya yi gumi, ya kafe, ya faɗi.

"Baba, sunanka ka wanke da ɗana," in ji Kalyani, 'yar tsohon kuma uwar Shobhakant, a bakin ƙofa. Tun ranar ba ta sake aika masa da kindirmo ba. A rumfar shayi kuwa cewa aka yi, in da gaskiyarsa, me ya sa ya zare?

Baba Ugranath, waɗanda suka zauna kusa sun ga idonka na kan bango lokacin sukar farko. Kai ne ka hana gara da damina cinye tunanin kakanninmu, amma bakin mutane ya fi ƙarfin darbejiya. Mun gode, maƙiyin ƙwari. Muna fatan wanda ya gaji makullinka ya gaji tsantseninka, mu kuma mu koyi kame baki kafin mu sa wani ya yanka nasa don ya gamsar da mu.

Ranar sallamar Ugranath daga aiki aka rataya masa furanni a wuya. Pandit Jatashankar ya miƙe yana yabon amanarsa da dogon jawabi cikin harshen Sanskrit. Tsohon ya leƙa sahun mata, bai ga Kalyani ba. Ya cire furannin, ya ajiye su kan tabarma tare da makulli, ya ɗauki lemarsa ya bi ta ƙofar baya ana tsakiyar jawabi.