Motar da ke durƙusa wa Inna

Taubashina ya cuce ni ido da ido, kuma ba zan manta ba har in bar duniya. Ɗan kawuna ne, dillalin motoci a Yamai. Na sayar da shanuna a kasuwar Baleyara, na danƙa masa kuɗin, na ce ya nemo mini mota mai buɗaɗɗen baya, ta ɗaukar buhunan hatsi. Sai ga shi a garinmu Filinge da wata jar aba mai kujera biyu, cikinta na neman shafar ƙasa.

"Wagga ta tsere ce," in ji shi. "Manya ka shiga irinta. Arha na samo maka."

Ban yi nisa a karatun lakwal ba, amma ni ba jaki ba ne, ƙyallinta ne ya rufe mini ido. Abin da ya ɓoye mini, kamfanin da ke ƙera ta a ƙasar Turawa bashi ya cinye shi, yana gab da rufewa, shi ya sa kowa ke gudunta. Madubin gefe ya fashe, na aika Yamai, aka ce babu, kuma ba mai sake kawowa. Ran da na nufi Damana rairayi ya riƙe ta, amalanken shanu ya jawo ni gida, mutane na tambayata ko in sayar musu su yi akurkin kaji. Na kira taubashin nawa, ya yi dariya ya ce, "Haba taubashi, ai wasa ne tsakaninmu."

Inna, mahaifiyata, gwiwoyinta sun gaji. Ta yi shekaru ba ta ga ƙanwarta da ke Baleyara ba, don ba ta iya hawa motar tasha, balle a matse ta da buhu da akuya. Wata safiya ta dogara sanda ta zagaya motar, ta ce in buɗe. Ta zauna kamar mai zama kan tabarma.

"Wagga mota ta san girma," ta ce. "Ita ka durƙusa mini."

Muka hau kwalta. Ina lallaɓawa don kada ta tsorata, sai ta zungure ni. "Kai, haka ubanka ya koya maka? Taka ta mana!" Na taka. Tsohuwa ta riƙe kallabi tana ƙyaƙyata dariya har Baleyara.

Tun ranar, duk sati muna hanya. Kujera biyu ce, ba mai cewa in rage masa hanya, daga ni sai ita. A nan na ji labaran mahaifina da ban taɓa ji ba. Madubi kuwa, na babur na ɗaura, yana aikinsa.

Bara kamfanin ya rufe gaba ɗaya. Sai wani mai kuɗi a Yamai ya shiga neman irinta, wai ta zama abin ajiya. Taubashina ya taho da mota mai buɗaɗɗen baya, irin wadda na nema tun farko, wai mu yi musaya, ya gyara kuskurensa. Inna na zaune a zaure tana kallona.

Na ce masa, "Kai ba kuskure ka yi ba, cuta ka yi, Allah ne ya juya ta. Ka koya mini kada in sake ba ɗan'uwa amanar da ban duba ba, na gode. Kujerar can tana da mai ita. Ɗauki motarka ka koma Yamai, ai wasa ne tsakaninmu."