Dosiye Mai Kibiya

Shekara goma sha tara Na Allah ya yi yana riƙe da takardun ƙungiyar manoman wake ta Gidan Amumune. Iyakar gona, sunan mai ita, irin da aka shuka, duk shi ya buga su da yatsu biyu a tsohuwar ordinatar biro, wato kwamfutar ofis. Ba ya noma ko kunya ɗaya, amma in gardamar iyaka ta tashi, shi ake nema. Wannan kuwa yana yi masa daɗi fiye da tuwo.

Sai ga Dabora, 'yar Gamaliyel mai gyaran babur, ta dawo daga karatu a Maraɗi. Ta ce kada takardun su dogara da na'ura ɗaya, a ajiye su a rumbun intanet. Ba ta taɓa dosiyensa ba, wato ma'ajiyar takardunsa a cikin na'ura. Wani ta ƙirƙira mai ɗan hoton kibiya, ta ce hanya ce kawai, rumbun zai bi ta ya kwashi abin da ke cikin dosiyen Na Allah. Na Allah ya ji, amma kishi bai bar shi ya saurara ba.

Cikin wata biyu kowa ya koma cewa "dosiyen Dabora". Har shugaban ƙungiya, wanda suka yi lakwal, makarantar boko, tare da Na Allah! Abin ya ci masa rai ƙwarai. A ganinsa ta kwafe guminsa ne ta sa sunanta. To, ta riƙe kwafinta. Ranar jajibirin taron ƙungiya ya kwashe nasa a 'yar kile, ƙaramar ma'ajiyar nan da ake soka wa ordinata, ya goge na cikin na'ura, ya jefa kilen aljihu.

Washegari manoma biyu suka kawo rigimar iyaka. Dabora ta danna mai kibiya. Wayam. Ta duba rumbun, shi ma ya bi sahu, ba komai a ciki.

"Ina aikin naki?" in ji shugaba.

"Ni ba ni da aiki a ciki, ranka ya daɗe. Nuni kurum na yi. Duk abin da kuke yabo na Baba Na Allah ne, ko harafi ɗaya ban buga ba." Ta juyo, idonta ya kawo ruwa. "Baba, ka gafarce ni, ban san mi na taɓa ba."

Manoman nan biyu suna jira. Na Allah ya sa hannu a aljihu, ya daɗe bai fito da shi ba. Da ya ajiye kilen a kan tebur, babu wanda ya tambaye shi komai.