Ranar da Aka Buɗe wa Kaka Saman Katsina

A gidanmu na unguwar Cheetham Hill da ke Manchester babu murhu, sai wata wutar gas a bangon falo mai harshe shuɗi. A gabanta Kaka, mahaifiyar babana, take shimfiɗa bargo bayan an ci tuwo, ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanena Sadiƙu mu raɓe a jikinta. Daga Katsina aka kawo ta don a duba mata gwiwa, zama ya miƙe. Abin da ya fi damunta ba sanyi ba ne, sama ce. Takan ɗaga labule ta ce, "Wannan gari an kife shi da ƙwarya. Ko tauraro ɗaya babu na gaisawa."

Ni kuwa in'ina gare ni. A makaranta na gwammace a ce ban sani ba da in buɗe baki yara su yi dariya. Kaka kaɗai ba ta taɓa ƙarasa mini magana ba. Sunanmu ɗaya, don haka Takwara take kirana.

"Ga ta nan ta sha hanya, ku matsa mata," haka take farawa. Mu ce, "Ta zauna ta ji ɗumi."

Wadda muka fi roƙo ita ce ta kaza da 'ya'yanta. Wai shirwa ta matsa wa wata kaza, kullum sai ta kawo sura. Kaza ta tattara 'yan tsakinta suka hau danga, daga danga suka hau rimi, daga rimi suka taka gajimare, har suka isa ƙofar sama, suka tarar da ita a rufe. Kaza ta yi kira, shiru. Manyan 'ya'yan suka yi, shiru. Ga shirwa tana tahowa. Sai Auta, wanda muryarsa ke sarƙewa, ya matso ya ce, "Tsi… tsi… tsi…" bai iya ƙarasawa ba, bai kuma daina ba. Zara matar Wata tana daka a ciki, ta ajiye taɓarya ta ce, "Wane ne wannan mai naci?" Ta buɗe, suka shige. Su ne taurarin nan da ke cure wuri guda.

"Ƙofa ba ta san mai babbar murya ba," in ji Kaka, "mai naci ta sani."

Wani hutu muka je Birmingham wurin Kawu, ƙanen mamata, a Sparkhill. Ya ce zai kai mu planetarium, ɗakin da ake nuna taurari a jikin rufi. Kaka ta ce ita ba ta kallon taurarin roba. Kawu ya ce, "Haba Hajiya, just one hour, ga lift ma, ba hawan bene." Da ƙyar ta yafa mayafi.

Kujerun kwantawa suke yi baya. Aka kashe fitilu, rufin ya cika da taurari, wata baturiya tana bayani da ƙaramar fitila mai nuni. Kaka ta daɗe tana dubawa, sannan ta raɗa mini, "Da kyau. Amma ba zaman namu ba ne, duk sun karkace."

Can matar ta ce na'urar tana iya nuna saman kowane gari a duniya, ko akwai mai tambaya? Ɗakin cike yake da mutane. Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba.

"Can you show K… K… K…"

Wani yaro a baya ya yi dariya. Sadiƙu ya buɗe baki zai taimake ni, Kaka ta dafe masa gwiwa. Na ja numfashi, na sake, na sake.

"Katsina. In Nigeria."

"Of course, love," in ji matar.

Sai sama ta juya gaba ɗaya, a hankali, kamar ana juya faifai. Taurarin da ke can gefe suka hau tsakiyar ka. Kaka ta ɗaga yatsa. "Ga ta can! Takwara, ga kazar, ga 'ya'yan!" Kafin Kawu ya ce wani abu ta rangaɗa guɗa, irin ta ranar biki, a tsakiyar Birmingham. Sai ɗakin ya ɗauki tafi. Matar ta tambayi me ta gani, ni na tashi tsaye na fassara, ina sarƙewa ina ci gaba, har na kai ƙarshe.

Yau lauya ce ni a Manchester, magana ce sana'ata, in'inar kuma ba ta bar ni duka ba. Bayan rasuwar Kaka na taɓa ba Babana wannan tatsuniya, ina zaton zai tuna yarintarsa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya girgiza kai.

"Mu a tamu babu wani Auta mai in'ina," ya ce. "Kazar ce ta ƙwanƙwasa, aka buɗe mata."

Ashe tsohuwar nan ba ta taɓa ce mini in daure in yi magana ba, ko sau ɗaya. Ɗan tsako ta ƙera mini, ta saka shi a sama, ta zauna tana jira in gane shi.