Tirelar Baba Tana Ja Hagu

A tasha Sannu-Sannu suke kiransa, don tun yana yaron mota har ya yi furfura a kan sitiyarin tirela ba a taɓa ganin ya yi tsere da kowa ba. In ƙananan direbobi suka wuce shi a guje, sai ya ɗaga musu hannu ya ce, "Ku gaida na gaba." A gida kuwa Baba ne kawai, mutum marar yawan magana.

Wata rana ya dawo ya ce ya miƙa makulli, ya bar tuƙi. Inna, matarsa, ta tambayi dalili, ya ce, "Ya isa haka." Daga nan zaman gida ya hana kowa sakat. Yau ya kwance ƙofar da lafiyarta lau, gobe ya warware rediyo ya kasa mayarwa. Da abin ya ishi Inna sai ta kira autarsu, wadda ke aiki a shagon buga takardu, ta ce, "Zo ki nema wa ubanki abin yi tun bai kwance mana rufin ɗaki ba."

Auta ta kawo tsohuwar kwamfuta ta ɗora a teburin falo, ta sa masa gem ɗin tuƙin manyan motoci. Ya ce shi ba yaro ba ne. Amma da ya ga madubin gefe da allurar mai a kan allo, sai ga shi ya jawo kujera.

Da kibod ya fara, kuma da shi rigima ta fara. Yana taka totur, yana karya kwana, ya danna sigina, sigina ta ƙi kamawa.

"Wace irin mota ce wannan da ba ta yarda a ba da sigina a kwana?"

"Kibod ɗin ne mai araha, Baba. In ka danne maɓallai da yawa lokaci guda, wani ba ya jin kira."

Ta mayar masa da sigina kan wani maɓalli, aka zauna lafiya. Bayan 'yan kwanaki maɓallin birki ya maƙale. Ta ɓalle maɓallin ta tarar da shayi mai sukari ya daskare a ƙarƙashinsa. Ta goge da auduga da sifirit tana masa tsiya, shi kuwa ya kau da kai kamar ba da shi ake ba.

Ganin yatsunsa sun fi ƙarfin kibod, sai ta sayo masa abin riƙewa irin na 'yan gem, wanda suke kira hannu, mai 'yar sanda da ake juyawa da babban yatsa a madadin sitiyari. Ya ji daɗinsa ƙwarai. Sai dai ba a jima ba ya kira ta a waya.

"Motar nan tana ja hagu. A miƙaƙƙiyar hanya ma sai ta riƙa lilo. An sayar miki da jabu."

Ta biyo gidan bayan ta tashi aiki. Ta canza ramin kwamfuta da ake soka wayar hannun, ba sauyi. Ta canza wayar kanta. Ta kwance hannun ta busa ƙura, ta goge gindin sandar. Har na wani abokin mijinta ta aro, shi ma ya ja hagu. Baba ya ce to duk kamfanin ne ba su da tsoron Allah.

Daga ƙarshe ta buɗe shafin gwaji, inda wani ɗan ɗigo ke nuna motsin sandar. Ta ajiye hannun a kan tebur, ɗigo ya tsaya cak a tsakiya. Ta riƙe da kanta, bai motsa ba. Ta miƙa wa Baba, sai ɗigo ya fara rawa yana zamewa hagu. Ta sauke ido daga allo zuwa babban yatsansa na hagu, ta ga yana karkarwa a hankali, shi kaɗai. Nan ta tuna shayin da ya zube, ta tuna kwanan nan da hannu biyu yake riƙe kofi.

Ta shiga saiti ta faɗaɗa wurin da sandar za ta iya motsi ba tare da gem ɗin ya ɗauka juyi ne ba. Ta ce, "Gwada yanzu."

Tirela ta miƙe ɗoɗar. Ya yi tafiya mai nisa, sannan ya ba da sigina, ya gangara gefen hanya ya tsaya.

"Kin sa wa sitiyarin wasa."

"Kaɗan ne, Baba."

"Tsofaffin motoci haka suke, sai ka juya da yawa kafin taya ta amsa." Ya ajiye abin a cinyarsa, ya dubi yatsan. "Kin gani ke nan."

Ta gyaɗa kai. Sai ya ba ta labari. A tafiyarsa ta ƙarshe ya shigo wani gari 'yan makaranta suna tsallaka titi, hannunsa ya fizge sitiyari. Ba abin da ya faru, ko kaza bai taka ba. Amma da ya sauke kaya bai ƙara hawa ba.

"Kada ki gaya wa innarki, hankalinta zai tashi."

"Wa za a ɓoye wa?" in ji Inna daga bakin ƙofa, tana riƙe da tsintsiya. "Ni da nake wanke rigunan da shayi ke zuba a kai? Jira nake in ga ranar da taurin kan nan zai yi laushi."

Auta ta yi dariya, hawaye na zubo mata.

A makon suka kai shi asibiti, yana mita tun daga gida har layin karɓar kati. Likita ya ce abin ba ya warkewa gaba ɗaya, amma magani zai sassauta shi, kuma hakan aka yi. Wata rana hannun nasa ya kwanta, wata rana ya tashi da rigima.

Yanzu Baba ya iya shiga saitin da kansa, da tabarau a kan hanci. Har yau ba ya cewa jikinsa ya matsa masa. Sai dai ya kira Auta ya ce, "Yau na ɗan ƙara wa sitiyari wasa." Ita kuma ta gane. In ta rufe shago sai ta biyo ta gidan, ta jawo kujera kusa da tasa, ta zauna har ya kai kayan da ya ɗauko.