Zizar Gangar Baba

"Kashe, wannan ba gangar babanku ba ce."

Inna ke nan jiya da hantsi, da na kunna mata kiɗan da na gyara. Ko minti guda ba ta saurara ba.

Wata huɗu ina haɗa na'urar sauti a shagona na gyaran rediyo a Daura, don in adana kaset-kaset na kiɗan noma da marigayi Baba ya bari. Cajar kasuwa tana sa na'urar gurnani, sai na naɗa taransifoma da hannuna, wayar jan ƙarfe zalla. Wuta ta daidaita, gurnani ya mutu. Wata ziza ta rage cikin kiɗan, na share ta da kwamfuta.

Na ce, "Inna, ai datti na cire."

Ta ce, "Datti? Zizar nan ta igiyar kan fatar gangar ce. Ni nake murza masa ita duk damina. Da ita masu gayya ke gane shi tun daga nesa."

Allah Ya taimake ni, kaset ɗin na asali yana nan. Yau na sake ɗauka daga farko, kuma ba zan bari ba sai Inna ta ji igiyarta.

Ku fa, me kuka taɓa sharewa kuna zaton datti ne?