Ludayin Shukufa

A ƙauyenmu na gindin duwatsun Gilan, in aka ce Mashti Ƙurban abu biyu ke faɗo wa mutum a rai: ludayi da masifa. Masassaƙi ne, gajere mai kaurin wuya, kuma tun yana saurayi bai taɓa sa wuƙarsa a kan wani itace ba sai shimshad, wata bishiyar kurminmu mai taurin ice. Ka kawo masa wani icen ka ce ya yi maka ko muciya ce, sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Kai gida a dafa shayi da shi." Haka yake, mun saba.

Amma fa babu amaryar da ta taɓa barin ƙauyen nan ba tare da ludayinsa a cikin kayanta ba. Al'adarmu ce, kuma da sharaɗinta: daga jikin bishiya mai rai ake yanko reshen, don gidan da yarinya za ta shiga ya rayu. Wadda ta mutu a tsaye ta murhu ce. Shimshad kuwa ba ta san sauri ba. Wadda kakanka ya bari kamar sanda, kai za ka same ta kamar cinya. Shi ya sa Mashti bai taɓa sare gindi ba, reshe ɗaya yake ɗauka, shi ma sai ya gama ba bishiyar haƙuri.

A hanyar tafki yake samo su. Hanyar ba wata tafiya ba ce, tsohuwa mai sanda ma tana zuwa ta dawo shinkafarta a kan wuta ba ta kama ba. Ka bi ta bayan maƙabarta, ka haye 'yar gada, sai kurmi ya rufe ka: shimshad dama da hagu sun haɗe kai, kore shar rani da sanyi, ruwa na ɗiga ko ba a yi ruwa ba. A ƙarshenta tafkin yake, shiru, babu gida ko ɗaya. A bakinsa akwai wata babbar shimshad da uban Mashti ya nuna masa yana yaro, ita kuwa bai taɓa cire mata ko ganye ba. Ajiye ta yake wa autarsa, Shukufa.

Sai ciwon zuciya ya kayar da shi. Likita a birnin Rasht ya ce wa matarsa Gulnisa ban da hawan tudu, ban da tashin hankali, in dai tana son mijinta. Ita kuwa ta tsare shi a baranda kamar kaza da ƙwai. Girbi biyu yana nan zaune yana sassaƙa rassan da ya tara, yana zagin duk wanda ya wuce bai gaishe shi ba, har tarin ya ƙare. A daidai lokacin aka sa bikin Shukufa, bayan yankan shinkafa.

"Gobe zan je tafki," ya ce.

"Gadar ta karye, Mashti."

Bayan kwana biyu ya sake cewa zai je, ta ce aladun daji sun cika hanyar. Da ya ƙara, ta ce taɓo har gwiwa.

"Ke Gulnisa! Gada, alade, taɓo, saura me? Zaki? Hanyar da nake bi ido rufe?"

"To ka je ka faɗi a can, in aurar da 'yarka da baƙaƙen kayan makoki."

Ranar kasuwa, tana ficewa da kwandon tafarnuwa, ya lallaɓa ya ɗauki ƙaramin zartonsa ya bi ta bayan maƙabarta. Gada na nan lafiya lau. Ya buga ta da ƙafa ya yi tsaki, yana shirya irin wankin da zai yi wa matar nan in ya koma.

Yana hayewa ya ci birki. Rana ce ta doke shi a ka, a wurin da tun da aka haife shi bai taɓa ganin rana ba.

Da farko ya ɗauka ya ɓata hanya, ya waiga, ga gada. Ya sake dubawa. Manyan itatuwan can sama suna nan da ganyensu, amma shimshad, dama da hagu, iya ganinsa, tsirara suke, fari fat kamar an watsa musu toka. Babu ganye ko na rantsuwa. Wani abu kamar saƙar gizo-gizo ya naɗe rassan, ga tsutsotsi koraye masu baƙin kai suna lilo a jikin zare, ɗaya har ta sauka a hannun rigarsa. Ko ɓawon ba su bari ba.

"Innalillahi," ya ce. "Innalillahi. Wa ya yi wannan?"

Ya kama reshe ya lanƙwasa, ƙas! Ya kama na gaba, ƙas! Ya shiga tafiya yana karyawa kamar mahaukaci, yana kankare jikinsu da wuƙa ko zai ga ɗanye. Tsoro ne ya kama shi, tsoro sosai, don kowane taku yana kai shi ga bishiyar Shukufa, ga shi ba ya son isa.

Ya isa. Tafkin na nan yadda ya bar shi, har da agwagin ruwa. Bishiyar ma na nan tsaye. Ya sa wuƙa a ƙaramin reshe, busasshe. Ya sa a babba, busasshe. Ya durƙusa ya tona gindin da hannu ya yanki saiwa, ita ma ta tafi. Ya zauna daɓas a cikin laka, zarto a cinya, baki buɗe.

Nan Gulnisa ta same shi. Ta dawo ta tarar da baranda wayam, ta yar da kwando ta biyo shi a guje, ɗankwali a hannu.

"Mashti! Kana numfashi? Ka yi magana mana!"

"Tun yaushe?"

"Tashi mu tafi gida, don Allah."

"Na ce tun yaushe!"

"Bazarar da ka kwanta," ta ce, tana haki. "Wasu fararen malam-buɗe-littafi suka zo kamar ruwan sama, bayansu sai tsutsa. Kafin a yanke shinkafa sun cinye."

"Wa ya sani?"

"Kowa."

Gaskiya ta faɗa, kowa, har da ni mai ba ku labarin nan. Gida-gida Gulnisa ta bi tana roƙon mu, muka kuwa riƙe bakinmu. Mukan zauna a barandarsa mu sha shayi yana tambaya, "Ya kurmi?" mu ce, "Ƙalau, Mashti, yana gaishe ka." Har tsakaninmu muka daina zancen, don kada wani ya saba baki ya suɓuce a gabansa.

"Shukufa ma?"

"Ita ta fara gani." Gulnisa ta share ido. "Ka yanka daga wannan ɗin. Icen lafiya lau yake, ka fi ni sani. Wa zai gane?"

Muna jira mu ji an ce ya tayar da ƙauye da masifa. Ina! Ya miƙa mata zarton ta riƙe, ya dafa kafaɗarta suka dawo a hankali, kuma daga ranar bai ƙara zagin kowa ba. Wallahi da zagin ya fi mana sauƙi.

Ranar biki aka baje kayan amarya a kan darduma a tsakar gida, kamar yadda ake yi, mata na ɗagawa ɗaya ɗaya ana guɗa: tukwane, barguna, butar shayi, kwalaben tsamin tafarnuwa. Uwar ango, baƙuwa ce daga wani gari a bakin teku, mace mai fara'a da ba ta san komai ba, ta lalube kayan ta ɗaga murya tana dariya.

"To ina shahararren ludayin? Tun daga garinmu muke jin labari. Ko mai sana'a ya manta da ta gida?"

Wata ta fara cewa ai yana ciki, za a kawo daga baya. Sai Mashti ya dafa sandarsa ya miƙe.

"Babu, Hajiya," ya ce. "'Yata za ta zo muku hannu haka. Kurminmu ya mutu."

Ba wanda ya taɓa faɗin kalmar a fili sai ranar. Wata tsohuwa a bakin ƙofa ta fara kuka, sai ta kusa da ita, sai duk matan da suka shigo aure ko suka fita da ludayinsa, kuka wiwi a gidan biki, mu maza muna sunkuyar da kai. Mai kiɗa ya ajiye gangarsa. Shukufa ta taso da kayan amarcinta ta riƙe hannun ubanta, shi kuwa yana tsaye yana kallon kayan da ke kan darduma.